Mu 'Yan Fadikpe da Karatun da Ba Namu Ba

In kana neman wanda zai duba maka sola a Fadikpe, kada ka wahalar da kanka da tambayar gidan injiniya. Injiniyanmu yana can bayan gida, ya naɗe ƙafar wando yana sauya wa tarwaɗa ruwa. Gidan malamin Larabci za a nuna maka, don shi ya san wayar da ke shiga inbata da wadda ke fita. In rabon gado ne ya taso, sai a aika a kira tsohon akanta. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana yi wa mutane allura a asibiti, ita ake kai wa ɗinkin labule da zanin gado. Haka muke a nan. Kowa ya rataye takardar shaidarsa a bangon falo, gizo-gizo na gadinta, shi kuwa ya fita bin karatun da ba nasa ba.

Baƙo ba ya ganewa da wuri. Wani da ya zo ɗaurin aure daga Kaduna ya zauna da mu a teburin mai shayi bayan isha'i, ya tarar ana musu a kan batir mai ruwa da na litiyam, wanne ya fi jure zafin Minna na watan Maris. Ya saurari Malam, malamin Larabcin nan, yana zuba bayani har shayinsa ya huce, sannan ya matso ya ce, “Allah gafarta Malam, a Gidan Kwano ake koyarwa ko a Bosso?” Ya ɗauka cikin malaman jami'ar fasaha ta tarayya yake, wadda ke garin nan tun 1983. Malam ya gyara zaman hula ya ce, “Ni? Nahawu na karanta, ɗan'uwa. Wannan kuwa duhu ne ya koya mini.”

Ba ƙarya ya yi ba. Jiharmu ce ke ɗauke da Kainji da Jebba da Shiroro, ga Zungeru ta biyo baya, kirarin wutar lantarki ma yana jikin lambar motocinmu, amma manyan wayoyin ta saman kanmu suke bi su ɗaga mana hannu. Da Malam ya gaji da nazari da fitilar waya, sai ya nemi wani yaro da ya taɓa biya wa Ajurumiya, wanda yanzu haɗa sola ce sana'arsa. Duk Asabar Malam ne mai riƙe masa tsani da miƙo filaya. Yaron yana kunyar ya aike shi, shi kuma ya ce in bai aike shi ba bai yafe ba.

Abin da ya sa ake yarda da Malam yanzu, ba ya fara magana da kuɗi. Ɗan littafinsa yake buɗewa ya ce, “Me da me za ka kunna? Kowanne wat nawa yake ci? Awa nawa zai yi?” Ya tara ƙwan fitila, ya tara fanka, ya tara talabijin. Ya nuna maka cewa batir mai bolt 12 da amfiya 200, abin da ke cikinsa wat 2,400 ne na tsawon awa ɗaya, kuma in mai ruwa ne rabi kawai aka yarje maka ka taɓa, in ka zarce kai ka jiyo. Sai ya rufe littafi ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida: “Hajiya, ban da dutsen guga fa! Shi kaɗai ya kai wat dubu. Ranar da kika jona shi, ni da ke sai gaban alƙali.”

Me ya sa muke haka? Majalisarmu ta daɗe da rabuwa biyu a kan wannan. Tsohon hedimasta ya ce ruwan garin ne, kuma in ya fara lissafo hujjojinsa sai ka nemi abin jingina.

“Ku duba Cyprian Ekwensi,” in ji shi. “A garin nan aka haife shi, 1921. Aikin gandun daji ya karanta, ya koma haɗa magunguna har Landan, amma da me duniya ta san shi? Da littattafan labari. Har a kan Fulani makiyaya ya rubuta. Ku duba marigayi Abubakar Gimba, mutumin ƙasar Lapai. Tattalin arziki ya karanta a Zariya da Amurka, ya yi babban sakatare, ya yi banki, amma abin da ya bar mana su Witnesses to Tears ne, kuma ya shugabanci marubutan Nijeriya kaf daga 1997 zuwa 2001. Hajiya Aisha Lemu fa, Allah ya jiƙanta? Baturiyar Ingila, harshen mutanen Sin da tarihinsu ta karanta a jami'a. Ta zo ta rubuta littattafan addinin Musulunci da 'ya'yanmu suka yi sakandare da su. A Minnar nan aka kafa FOMWAN a 1985, ita ce Amira ta farko.”

Wani ya ce, “Saura Ladi Kwali, Yallaɓai,” don mun san zai zo kanta.

“Ita ma! Kowa ya zaro naira ashirin ya duba.”

“Ai ita tukwane ta iya tun a gida. Ta je Abujar da, Suleja ta yanzu, a 1954, ta ƙaro tukwane. Ina barin fanni a nan?”

Ko gezau bai yi ba. “To Baturen da ta tarar a can, Michael Cardew, Latin da Girkanci ya karanta a Oxford, ya ƙare a cuɗa yumɓu. Kun ga ko ta ina kuka ɓullo, maganata ce.”

Mai shayi, wanda shi ne jagoran ɗaya ɓangaren, ya ɗaga kofi sama yana surka shayi ya ce, “Ranka ya daɗe, waɗannan da ka lissafa ƙoshi suka yi suka nemi abin taɓawa. Mu nan albashi ne malaminmu. Daga ashirin ga wata kowa ɗalibi ne.”

Ni dai na fi karkata wajen mai shayi, amma ba ɗari bisa ɗari ba. Minna garin ma'aikata ce tun da aka mai da ita babban birnin jiha a 1976, kuma dokar aikin gwamnati ba ta da kara: shekara 35 a bakin aiki ko 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa, ka tattara. Mutum ya dawo gida da sauran ƙarfinsa, ga autansa bai gama sakandare ba, ga kuɗin sallama sai ran da suka ga dama. Aka zo aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Kafin a cika shekara, a Fabrairun 2024, mata suka tare hanya a Kpakungu, nan maƙwabtanmu, a kan tsadar abinci, har duniya ta ji. Tun daga nan wanda ba shi da abin yi na biyu sai a riƙa tambayar ko lafiya.

Haka Injiniya ya faɗa kiwon kifi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna kwalbati da gada, ya ce don ruwa da tamfol ai ba sai an koya masa ba. Ya kafa tankinsa tsaf, ko'ina a kan ma'auni, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa dubu. Bayan 'yan makonni ya ga kifi na raguwa, kuma ba ko ɗaya da ya taso matacce. Ya zargi kyanwa. Ya zargi yaran gida. Ya sayo kwaɗo ya garƙame ƙofar baya, har gaisuwarsa da maƙwabcinsa ta ɗan yi sanyi. Daga ƙarshe aka kawo masa wani yaro da ko sakandare bai gama ba, mai aiki a wata gonar kifi wajen Chanchaga. Yaron ya leƙa, ya sa koma ya kamfato, ya ɗaga wasu ƙarti uku da suka ninka sauran girma.

“Baba, ga ɓarayinka nan. Ba daga waje suke zuwa ba.”

Nan Injiniya ya fara jin cewa tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, sai ana rarrabe su bisa girma a kai a kai. Ya ji cewa da hanci ake fara duba ruwa kafin ido, kuma abincin da aka zuba ya daɗe yana yawo a sama asara biyu ne, an zubar da kuɗi an ɓata ruwa. Ya ji cewa buhun abinci ne ke cinye mafi yawan jari, shi ya sa in kifi ya isa sayarwa dillalai suke ja da baya su bar ka kana ciyarwa har ka sauko da kanka. Maganin wannan, in ji yaron, ka iya banda. Yau in ka bi ta layinsu da yamma ƙamshi zai gaya maka ya iya. Da aka ce masa gemu ba ya hana ilimi, cewa ya yi, “Gaskiya ne, amma ku gaya wa masu gemu tarwaɗa ba ta san shi ba.” Shi kuwa Injiniya, Oga yake kiran yaron, a gaban kowa.

To amma albashi bai isa ya bayyana mana Akanta ba, don abin da ya shiga ba a samun sisi a ciki. Da ya ajiye aiki sai ya ɗauki buzu ya koma zauren wani malami. Ya faro daga Ahalari tare da sa'o'in jikokinsa, ya bi Ishmawi da Iziyya, har ya kai Risala. Duk tsawon wannan yana sunkuyar da kai, sai ran da aka iso babin rabon gado. Nan ya gyara zama, don an shigo gonarsa. Malamin ya ce, mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, dukiya naira 420,000. Miji yana da rabi, 'yan'uwa mata suna da biyu bisa uku. A raba.

Akanta ya zaro biro. Rabi 210,000. Biyu bisa uku 280,000. Ya tara ya ga 490,000. Ya goge ya sake. Ya ɗago ya ce, “Allah gafarta Malam, akwai gyara a tambayar. Kuɗin ba su kai ba, an samu giɓin dubu saba'in. Da a ofis ne sai an kira mai binciken kuɗi.”

Malamin, wanda bai taɓa zama ajin boko ba, ya yi murmushi ya ce, “Alhaji, tambaya daidai take. Asalin mas'alar shida ne, miji uku, mata huɗu. Uku da huɗu nawa?”

“Bakwai.”

“To ta yi awlu. Raba dukiyar gida bakwai, kowa ya ɗanɗani ragin gwargwadon rabonsa.”

Kowane kaso 60,000. Miji 180,000, 'yan'uwa mata 240,000, ba saura ba giɓi. Akanta ya ce a daren nan bai yi barcin kirki ba, ba don baƙin ciki ba, don mamakin yadda ya shekara talatin da biyar cikin lissafi, ga wata ƙofa a jikin ɗakinsa bai taɓa turawa ba. Yanzu in an kira shi rabo yakan yi lissafin a takarda, amma ba ya buɗe baki sai ya kai wa malamin ya gani. In magada suka fara ɗaga murya kuwa sai ya naɗe takardarsa ya ce wannan ta kotu ce.

Nan nake ganin asirin abin yake, ba a ruwan gari ba, ba kuma a albashi kaɗai ba. Duk wanda ya koyi abin kirki a cikinmu, akwai wani mai rai da ya zauna a gabansa, wanda zai iya ce masa “a'a, sake.” Kuma unguwa irin tamu, inda Gbagyi da Banufe da Bahaushe da Bayarabe da Ibo suke shan ruwan burtsatse ɗaya, ba ta rasa mai ce maka sake. Wanda ka gyara wa karatu da safe shi zai gyara maka riƙon filaya da yamma, don haka ba wanda ke samun sararin kumbura sosai. Wuyar dai a farko take. Mutum ya saba a miƙe in ya shigo ofis, yau ga shi tsugune ɗan cikinsa yana ce masa ba haka ake yi ba. Waɗanda suka kasa haɗiye wannan su ne suka sayi kaji ɗari biyar suka kwashe gawa a baro.

Mata sun fi mu iya haɗiyewa, gara a faɗi gaskiya. Je ka bakin Islamiyyar matan aure da la'asar ka ga Hajiyoyi masu jikoki, wata tsohuwar shugabar makaranta, wata mai sayar da atamfa a kasuwar Kure, suna zaune gaban yarinya 'yar shekara ashirin tana mai da su baya a kan harafi ɗaya.

“Mama, ba daga nan yake fita ba. Gefen harshe za ki ɗora a kan turame.”

“'Yar nan, turamen ai saura biyu. Ki bar ni in ɗora a inda suke da.”

Aka yi dariya, amma ta sake, ta kuma sakewa. Abin ba sabo ba ne a ƙasar nan, tun zamanin Nana Asma'u da 'Yan Taru malamai mata da ake kira jaji ke bin ƙauyuka suna karantar da matan aure da tsofaffi. Sai dai yau karatun ya haɗa da abin da su jaji ba su sani ba. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, tsofaffin da suka rantse ba su ba kuɗin waya, cikin 'yan makonni suka iya tura kuɗi. Mai masar layinmu, wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba, jikarta ta koya mata lambobi da garwashi a jikin bango, domin wani ɗan iska ya nuna mata saƙon ƙarya ya tafi da masar dubu biyu. Yanzu ba ta kallon wayarka, tata take dubawa. Daga lambobi ta zarce haruffa, ta ce tunda an fara a ƙarasa, tana so ta karanta sunan wanda ya turo da kanta. Uwar adashensu ma a waya take riƙe da lissafi, wadda ta yi lattin zubi sai ta ji saƙon murya tun kafin ta idar da sallar asuba.

Akwai kuma wata Bakatsiniya da ɗanta ya auro Banufiya daga Bida. Ta ce ba za a riƙa gulmarta a cikin gidanta tana murmushi ba, ta sa surukar ta koya mata Nufanci. Ka san tsakanin Katsinawa da Nufawa ba a raba su da tsokana. Surukar tana kunya, ba ta iya ce wa uwar miji ta yi kuskure, sai jikoki suka karɓi aikin, su kuwa ba ruwansu da kunya, faɗuwa suke ƙasa da dariya. Ta iya gaisuwa, ta iya ciniki, ta kuma iya gane in ana maganarta, wanda dama shi ta fito nema.

Wanda labarinsa ya fi yawo a majalisa shi ne Dakta, malamin jami'a, masanin lissafin kwamfuta. Ya ga noman doya a buhu a YouTube, ya jera buhuna a tsakar gida, ya yi jadawali a kwamfuta har da zanen ribar da zai ci. Da lokacin tono ya zo, abin da ya fito ko a miya ba za a gane doya ce ba. Matarsa ta ce ya huta haka nan, ga Paiko ga Kuta ga Gwada, doya ba ta yanke ba. Shi kuwa zuciya ta hana. Ya tashi ya tafi wajen wani dattijo Bagbagyi, cikin waɗanda kakanninsu ke noma wurin nan tun ba a san za a yi unguwa ba. Dattijon ya juya irin da Dakta ya kawo, ya matsa da babban yatsa, ya jefar.

“Ɗana, wannan ta ci ce, ba ta shuka ba. Wa ya sayar maka?”

Ya nuna masa yadda ake zaɓen iri, yadda ake yanka shi a shafe yankan da toka a bar shi ya sha iska a inuwa, yadda ake tara ƙasa tuli mai tsayi don doya ta sami inda za ta nutsa, a ɗora wa kowane tuli hular busasshiyar ciyawa kada rana ta dafa irin, a kafa sanda yaɗo ya hau. Dakta ya ce a bidiyon ba a faɗi hula ba. Dattijon ya ce mai bidiyon a wane gari yake, ya taɓa tsayawa a ranar Minna? Buhun dai bai hana shi ba, cewa ya yi ƙasar da aka cika ta yi tauri kuma buhun ya yi kaɗan. Bana Dakta ya kai masa doya biyar a bayan mota, dattijon ya ɗaga ɗaya ya auna a hannu ya ce, “An fara.”

Kada a ce na zo yabon kai kawai. Muna da cutarmu, sunanta saurin yaye kai. Bidiyo uku, mutum ya zama gwani. Waya kuwa komai ka yi ba za ta ce maka sake ba, wani bidiyon za ta ƙaro maka mai gaya maka abin da kake son ji. A kan kifi ko doya, aljihunka ne zai yi kuka, da sauƙi. Inda abin ke ba ni tsoro shi ne lafiya. Kowane rukunin WhatsApp na unguwar nan yana da likitansa, wanda ganye ɗaya a wurinsa yake maganin hawan jini da suga da basir da ciwon ƙoda. Mun manta watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya, aka tashi yara da tsofaffi ana wanka da ruwan gishiri ana sha, wasu suka kwana a asibiti, wasu suka rasa ransu.

Sista mai labule ita ce ke yaƙin nan ita kaɗai. Ita da ta yarda tela ya kwance mata ɗinki sau ba adadi ba ta ce uffan ba, in ta ji ka ce ka daina shan maganin hawan jini saboda wani saƙo, sai ta ture keken ɗinki ta ɗauko abin awonta.

“Alhaji, miƙo hannu. Kai da ka karanta aikin gona, yaushe ka zama likita?”

“Sista, ai ke ma ba ɗinki kika karanta ba.”

“In na ɓata labule, yadi za a sake saya. In ka ɓata ƙoda, a wace kasuwa ake sayarwa?”

Sai ka ga Alhaji ya naɗe hannun riga.

Su kuwa masana tattalin arzikin teburin shayi, waɗanda tun da dala ta tashi kowannensu ya san abin da ya kamata Babban Banki ya yi, ba sa cutar da kowa, a bar su su sha iska. A cikinsu ma akwai na gaske. Maigadin wani gida a layin baya, da 'yar rediyonsa da aka ɗaure da roba, ya shekara arba'in yana juyawa daga BBC zuwa Muryar Amurka zuwa Jamus. Tambaye shi babban birnin kowace ƙasa, ko abin da ya haɗa Rasha da Yukren, ko dalilin da ya sa Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, zai warware maka daki-daki. Kuma in bai ji abu a tasha biyu ba, ba ya ɗaukarsa. 'Yan jami'ar da ke haya a unguwar sukan zo su ja shi da musu, su koma suna duba waya a ɓoye.

Masu son takarda kuma suna da hanyarsu, ga cibiyar jami'ar karatu daga gida, NOUN, a cikin gari. Hedimasta ba ya gajiya da tuna mana cewa Obasanjo, sojan injiniya kuma manomi, bayan ya sauka daga mulki a 2007 can ya koma ya karanta tauhidin Kirista, har ya kammala digirin digirgir a 2017 yana da shekara 80. Mai shayi ya ce shi ma a ba shi fanshon shugaban ƙasa a ga in bai yi biyu ba. Ni ma da nake wannan rubutu akwai abin da nake koyo, amma ba zan faɗa ba, don a Fadikpe ranar da aka ji ka fara, washegari za a kawo maka gyara kyauta.

Kwanan baya Hedimasta ya zo da shawara. Ya ce tunda Allah ya tara mu haka, a mai da abin ƙungiya: a yi rajista, a sa ranar zama, kowane mako mutum ɗaya ya koyar da abin da ya iya, a yanka kuɗin wata-wata. Injiniya ya ce ya yarda in za a fara da kifi. Malam ya ce a'a, da wuta za a fara, don ba a karatu a duhu. Dakta ya ce zai buɗe mana shafi a intanet. Sista ta aiko daga cikin gida cewa in ba a sa mata ba, kada wanda ya ƙara kawo mata hannu awo. Mai shayi ya ce duk ya ji, amma a teburin wa za a zauna, kuma wa zai biya kuɗin madara? Kafin a kai ga zancen shugaba an kusa raba hali, don mutum huɗu ne suka ga ya dace su sadaukar da kansu.

Ana cikin haka Akanta ya buɗe jakarsa ya zaro wasu takardu a ɗinke, ya ɗora a kan tebur kusa da burodi.

“Wannan fa, Alhaji?”

“Kundin tsarin mulkin ƙungiya ne. Sashe na bakwai ya yi maganar madara.”

“Yaushe ka iya rubuta tsarin mulki?”

“Ai na sayi fom. Lauya zan karanta.”